Janaretan da na saya sau biyu saboda zafin Sakkwato

Wanda bai taɓa kwana a Sakkwato cikin watan Afrilu babu wuta ba, da wuya ya fahimci gaggawar da ta kai ni kasuwa a bazarar 2023. Zafin rana yakan haura digiri 40, bangon siminti ya sha wutar yini ya riƙa amayar da ita har tsakar dare, ga shi kuma a shekarar azumi ya faɗo cikin wannan yanayi. Ni da yara mukan shimfiɗa tabarma a tsakar gida, amma mahaifiyata ba ta iya kwana a waje saboda ƙura tana tayar mata da tari. Daren da na tarar da ita zaune a bakin gado tana tsoma zane a ruwan randa tana yafawa, na ce mata, "Inna, in Allah ya kai mu gobe, da fanka za ki kwana."

Washegari na shiga babbar kasuwa, na zaɓi janareta da abu biyu kawai: farashi, da lambar 2.5 kVA, wato ma'aunin ƙarfin wutar da yake bayarwa, da aka rubuta ɓaro-ɓaro a jikin tanki. Kwana biyu komai lafiya, fankoki suna juyawa, firiza tana ɗaukar sanyi. A rana ta uku na kunna injin da ke tura ruwa zuwa tankin sama, sai janaretan ya yi gurnani, ƙwayayen wuta suka dusashe, ya mutu. Maimakon in dakata, sai na sake jan igiya na kuma gwadawa har sau uku, kafin warin ƙonewar waya ya cika gidan.

Wani dattijo mai gyara a unguwar Mabera na kai wa janaretan. Bai ko taɓa injin ba sai da ya tambaye ni, "Malam, mi kaka son kunnawa da shi?" Ya miƙo mini bayan takardar siminti da biro ya ce in rubuta. Fankar sama huɗu, kowace tana cin wat 75 (wat shi ne ma'aunin wutar da na'ura ke ci), sun zama 300. Ƙwan wuta goma na zamani, 100. Talabijin, kusan 100. Firiza, 200. Injin ruwa mai ƙarfin doki ɗaya, kusan 750. Jimla 1,450, ni kuwa har na fara cewa ai injina ya fi ƙarfin wannan. A nan ya nuna mini abin da ban sani ba: duk na'urar da ke da ɗan inji mai juyawa a cikinta, kamar firiza da injin ruwa, takan ja ninki biyu zuwa uku na wutarta a daƙiƙun farko na tashi. Wato a lokacin da injin ruwan nan ke tashi, shi kaɗai yana iya neman sama da wat 2,000, ga sauran kayan gida a kan layi. Ita kuma 2.5 kVA, a lissafin da aka saba na ninkawa da 0.8, wat 2,000 ce kacal, kuma sau da yawa lambar da ke jikin tanki ƙololuwar ƙarfin inji ce na ɗan lokaci, ba wanda zai iya riƙewa tsawon dare ba.

Da ya buɗe injin, ya ɗauki wuƙa ya kankare wayar koyil ɗin a gabana. A sama ja ce kamar tagulla, a ƙasa kuwa fara tas, alminiyam ne aka yi wa rufi. Tagulla ta fi ɗaukar wuta, ta fi nauyi, ta kuma fi jure zafi, wanda a garinmu ba ƙaramin abu ba ne, domin inji kansa yakan rage ƙarfi idan iskar da yake shaƙa ta yi zafi sosai. Ya ce kada in bari kayan gida su cinye fiye da kashi uku cikin huɗu na ƙarfin injin.

Sayen na biyu tare muka je. Na bar kallon fenti na koma kan ƙaramin allon ƙarfe da ke gefe, inda ake rubuta lambobi biyu, na ƙarfin dindindin da na ƙololuwa. Muka ɗauki mai wat 3,000 na dindindin, muka tabbatar ana samun kayan gyaransa a cikin gari, aka kuma kunna shi a gaban shago muka jona masa dutsen guga biyu don mu ji yadda muryarsa za ta sauya. Na so mai dizal, amma kuɗinsa ya fi ƙarfin aljihuna.

Ba a yi wata biyu ba aka cire tallafin mai, ranar 29 ga Mayu, 2023, litar fetur ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500. Injina yana shan lita ɗaya da 'yan kai a awa, saboda haka dole na tsara masa lokaci. Ruwa da safe ake turawa bayan an kashe firiza, da dare kuma awa uku zuwa huɗu. Ga Inna na sayi fanka mai batir da ƙaramin faifan sola, wadda ke karɓar aiki idan an kashe janareta. Da na yi wannan lissafin tun farko, da wataƙila da fankar na fara.

Kuskuren da har yau yake tayar mini da hankali shi ne wurin ajiya. Saboda tsoron ɓarayi, a cikin zaure na riƙa kunna shi, ƙofar waje a rufe, ga ɗakin yara kusa. Wata safiya 'yata ƙarama ta tashi da ciwon kai da jiri da tashin zuciya, ma'aikaciyar jinya kuma tambayarta ta farko ita ce ina muke ajiye janareta. Hayaƙinsa yana ɗauke da iskar kabon monoksaid, wadda ba ta da wari ba ta da launi, kuma tana kashe mutum yana cikin barci. A ranar na kira mai walda ya yi masa keji na ƙarfe mai rufi a bayan gida, iska na ratsa shi ta kowane ɓangare, kimanin mita 6 daga taga mafi kusa, bakin salansa yana kallon katanga ta waje. Na kuma sa mai wayarin ya haɗa mini maɓallin sauya layi, don kada wutar janareta ta koma kan wayoyin unguwa ta kama wanda ya hau turke yana gyara, ko a kawo wuta ta ƙone injin.

Baƙin mai na fara juyewa bayan awa 20 na farko, daga nan kuma duk bayan awa 50 ko kusa da haka, ina rubuta awannin a kalandar da ke rataye a bangon kicin. Da hunturu, idan ƙura ta sauko, kowane mako nake cire sosan iska in wanke shi. Fetur kuwa na hana kowa zubawa sai injin ya huce, kuma jarkar tana can nesa da murhu, a ɗakin ajiyar da makullinsa ke hannuna.