Na gano bakin zaren "neglect"

Jama'a, wasiƙar gwajin da na tura wa mai duba mini rubutu ta dawo jiya da daddare, kuma a karon farko babu jan biro a kan kalmar "neglect" ko a wuri ɗaya. Wallahi na ji daɗi ƙwarai. Masu shirin OET, jarrabawar Turanci ta ma'aikatan lafiya, irina sun san yadda sashen rubutu yake: minti 45, biyar na farko na karanta bayanan majinyaci ne, sauran kuma ka fitar da wasiƙa mai kalmomi 180 zuwa 200. A ɗan wurin nan, kalma ɗaya ta zauna a karkace sai an gan ta.

Na tsara cewa wannan watan na gyaran lokutan aikatau ne, wata mai zuwa kuma na haɗa jimloli. Tsarin nan ya watse tuni. Kalmar nan ita ta cinye mini yawancin dararen da nake samu bayan na taso daga aiki, kuma ban yi da-na-sani ba, domin a aikin jinya kusan kowace takarda sai ka ci karo da ita.

Ga inda matsalar take. Mu a Hausa muna da sakaci, muna da yin biris, da yin watsi, da share mutum, da halin ko-in-kula, da wofintarwa. Kowacce da wurin zamanta, kuma ko yaro ba ya ruɗa su. To amma Turancin da muke ji kullum a ɗakin majinyata da cikin gari yakan tattara su duka ya ɗora wa kalma ɗaya. Sai ka ji an ce "you neglected my call", ko "she neglected me when I greeted her". Kunne ya saba da haka tun muna makaranta, hannu kuma abin da kunne ya saba yake rubutawa. Bayanan gwajin da aka ba ni na wani dattijo ne mai ciwon sukari, yana zaune shi kaɗai, da gyambo a ƙafa, matarsa ta bar garin, kuma ba ya amsa tambayoyin ma'aikatan jinya idan sun ziyarce shi. A wasiƙar da na fara rubutawa a kansa, ƙin amsa tambaya "neglect" ne, tafiyar matar "neglect" ce, rashin wanke gyambon shi ma "neglect". Mai dubawa ya soke biyun farko, ya bar na uku, ya rubuta a gefe cewa kalmar ba ta dace ba. Iyakar bayanin ke nan. Naira dubu biyar nake biya kowace wasiƙa, kuɗin da nake cirewa daga na cefane, a ce abin da zan samu shi ne layi biyu na jan biro ba dalili. Raina ya ɓaci sosai, har na yi kwanaki ban buɗe littafin ba.

Ƙamus bai fitar da ni ba. Ma'anar da yake bayarwa, wato kasa ba wa abu kulawar da ta kamata, gaskiya ce, amma ai wanda ya ƙi ɗaga waya shi ma a ganina bai ba ta kulawa ba. Abin da ya yi aiki daga ƙarshe shi ne na daina kallon kalmar, na koma kallon abin da ke biye da ita. Duk jimlar da na tsinta a jarida ko a littafin jinya sai in kwafe ta a bayan littafina, in ja layi a ƙarƙashin abin da aka yi wa aikin. Da shafin ya cika sai na karanta jerin daga sama har ƙasa: yara, tsofaffi, lafiyar jiki, haƙora, lambu, gini, hanya, karatu, aikin da aka ɗora wa mutum. Babu kiran waya a ciki, babu gaisuwa, babu tambaya. Duk abin da ke jerin nan abu ne da ke lalacewa idan an bar shi, kuma kowanne yana wuyan wani. A nan ne abin ya buɗe mini. "Neglect" na buƙatar haƙƙi a wuyan mutum, tana buƙatar lokaci ya ja, kuma galibi ana ganin ɓarnar a jikin abin. "Ignore" kuwa ka gani ne ko ka ji ka kau da kai, ko sau ɗaya ne ya wadatar, kuma ba sai akwai wani haƙƙi a kanka ba. "Abandon" tafiya ce, ka bar abin a bayanka.

Ni da akuyar gidanmu nake auna su yanzu. Idan tana kuka na ji na ƙi waiwayawa, "ignore" ne. Idan ina cikin gidan kullum amma ba dusa ba ruwa a kan kari har haƙarƙarinta ya fito, wannan "neglect". Idan na kwashe kaya na tashi daga gidan na bar ta a turke, "abandon". Abin da ya fi taɓa ni a nan shi ne na tsakiyar baya buƙatar nisa ko kaɗan. Uwa na iya kwana ɗaki ɗaya da ɗanta, ba ta taɓa barinsa ko yini ɗaya ba, kuma kalmar ta hau kanta. Saboda haka matar dattijon nan "left" ta yi, tambayoyin kuwa "ignored" ya yi musu, ƙafar ce kaɗai "he has been neglecting his foot care" ya dace da ita, domin ita ce ke wuyansa kuma ita ce ke ruɓewa a hankali.

Sai ginin jimlar, wanda bai ɗauke ni lokaci kamar na farko ba amma yana da tarko. Muna cewa sakaci da abu, wannan "da" ɗin sai ta biyo mu cikin Turanci ta zama "with" ko "about". Aikatau ɗin ba ya son komai tsakaninsa da abin da ya faɗa wa, kai tsaye ne: "she neglected her health". Sunan ne ke ɗaukar "of", kamar a "neglect of duty". Kuma sunan ba ƙirgau ba ne, ba a yi masa jam'i. In kana son nuna yawa ko tsawon lokaci sai ka jingina shi da wata kalma: "signs of neglect", "years of neglect", "in a state of neglect". Waɗannan ukun na haddace su dunƙule kamar kalma guda. Na taɓa cin karo da "a" a gabansa, a jawabin da Edmund Burke ya yi a majalisar dokokin Birtaniya a 1775 game da yankunan mulkinsu na Amurka, inda ya ce "a wise and salutary neglect", yana nufin barin su da aka yi su ji da kansu ya amfane su. Wannan salon manyan masu jawabi ne, da sifa a tsakani. Ba zan kai shi ɗakin jarrabawa ba.

Akwai kuma "neglect to" da aikatau a bayanta, kuma ita ce har yanzu ban gama sakin jiki da ita ba. A nahawu ba ta da wahala: "he neglected to take his tablets". Nauyinta ne abin lura. Tana ɗauke da zargi. In aka ce "she neglected to mention her allergy", mai karatu zai ji kamar ana cewa ya kamata ta faɗa ta ƙi, ko ma ta ɓoye. A wasiƙar da likita ko wata nas za ta karanta game da mutumin da ba ya wurin balle ya kāre kansa, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Tsohon da ya tsallake magani wataƙila mantuwa ce, wataƙila kuɗin sayen wani ne babu, wataƙila ido ne ba ya ganin rubutun kwalbar. Ni dai ra'ayina, in ban san dalili ba, "he has missed several doses" zan rubuta, in faɗi abin da ya faru in bar hukunci. Kuma ku sani a Ingila kalmar tana da haƙora. Jagorar da ke tafe da dokar kula da manya ta 2014 ta sa "self-neglect", wato mutum ya saki kansa ba wanka ba abinci ba magani, cikin abubuwan da hukumomin kāre masu rauni ke bibiya. Ka rubuta "neglect" a kan yaro ko tsoho a can, ka buɗe ƙofar bincike ke nan. Ya kamata a buɗe ta in akwai dalili, amma ba don mutum ya rasa wata kalmar ba.

'Yan'uwanta biyu su ma sai an yi hattara. "Negligence" ta kotu ce, ita ake ji idan an kai asibiti ko ma'aikaci ƙara. Tushen yadda ake fahimtarta a yau shari'ar Donoghue da Stevenson ce ta 1932: wata mata a garin Paisley na Sikotilan ta sha lemon citta daga kwalba mai duhu, ta ce an ga ruɓaɓɓen dodon koɗi a sauran da aka tsiyaya, ta yi ƙarar mai sarrafa lemon duk da ba ita ta saya ba. A hukuncin ne alƙali Lord Atkin ya shimfiɗa cewa akwai haƙƙin kulawa a kanka ga duk wanda aikinka zai iya cutarwa. Da na karanta wannan na ga ashe haƙƙin nan da na hango a jerin bayan littafina shi ne ƙashin bayan dangin kalmar gaba ɗaya, sai na ƙara samun natsuwa. "Negligible" kuwa ta bar gida ta yi nisa: ma'anarta abin da bai taka kara ya karya ba. "Negligible blood loss" labari ne mai daɗi bayan tiyata, jinin da ya zuba kaɗan ne. Ka sa "negligent" a wurin, ka zargi likitan tiyata da rubutun hannunka. A furuci ma sun rabu. "Neglect" a gaɓa ta biyu ake danna ta, suna ne ko aikatau, sauran kuwa a gaɓar farko. Bakinmu na son cusa wasali tsakanin g da l, ya kuma haɗiye t ɗin ƙarshe, sai ta fito kamar "negilek". Ina naɗar muryata a waya ina saurare, kuma ta fara daidaita.

Wuri ɗaya ne ma'aunina ya ƙi aiki, kuma gara in faɗa muku tun kafin ku ci karo da shi a takardar gwaji. A bayanan mai shanyewar ɓarin jiki za ku ga "left-sided neglect". Babu sakaci a nan, babu laifin kowa. Illa ce a ƙwaƙwalwa, galibi a ɓangaren dama, da ke sa mutum ya daina lura da duk abin da ke hagunsa ko da idonsa lafiya lau. Zai ci rabin abincin da ke faranti ya ce ya gama, zai aske gefe ɗaya na fuska, ka tsaya ta hagunsa kana magana kamar ba ka nan. Na sha ganin irin wannan a wurin aiki tun kafin in san sunansa da Turanci. Na ware masa shafi daban, ina ɗaukarsa kalmar likitanci mai zaman kanta.

Inda kalmar ta fi zauna mini daram kuma shi ne a sunan rukunin cututtukan nan da Hukumar Lafiya ta Duniya ke kira "neglected tropical diseases". Ku duba waɗanda ke ciki: kuturta, tsargiya, kurkunu, amosanin ido, da saran maciji da aka shigar a 2017, sai cutar noma mai cin fuskar ƙananan yara, wadda aka ƙara a Disambar 2023 bayan Najeriya ta jagoranci neman hakan. Duk wanda ya san asibitin yara masu cutar noma da ke Sakkwato ya san abin da ake magana a kai. Ba wanda zai ce duniya ba ta san da cututtukan nan ba, ba kuma wanda ya tsaya ya ce ya yafe su. Kuɗin bincike da na magani ne suka yi ta wucewa ta gefensu shekara da shekaru, su kuma talakawan karkara suna ɗauke da ɓarnar a jikinsu. Haƙƙi, lokaci, lalacewa, duka ukun suna nan. Wanda ya zaɓi kalmar nan ya san abin da yake yi, kuma ba na jin "ignored" ko "forgotten" za su ɗauki wannan nauyin.

A wasiƙar jiya na rubuta cewa dattijon "shows signs of self-neglect", na bi shi da abin da aka gani da ido: tufafi masu datti, raguwar nauyi, gyambon da ba a sauya wa bandeji ba. Mai dubawa ya sa alamar daidai a gefe, ya rubuta kalma ɗaya ta yabo, kuma ta ishe ni.

Ban yi rajistar jarrabawar ba tukuna. Da dalar Ostareliya ake biyan kuɗin, kuma duk lokacin da na juya shi zuwa naira sai gabana ya faɗi, don haka ba zan shiga ba sai rubutun ya tsaya da ƙafarsa. Lokutan aikatau suna nan suna jira. Amma kafin su akwai wasu ukun da suka fara yi mini irin wannan wasan, "refuse" da "decline" da "deny". Jimlar "patient denies chest pain" har yanzu in na karanta ta sai in ji kamar ana ƙaryata majinyacin, alhali ana nufin an tambaye shi ya ce ba ya jin ciwon. Na buɗe musu sabon shafi a bayan littafin, na fara kwafe jimloli. Duk wanda ya riga ya wuce wannan gaɓar a cikinku, don Allah ya faɗa mini ko ana amfani da "denies" a wasiƙar da za a aika wa dangin majinyaci, ko tsakanin ma'aikata kaɗai ta tsaya.