Tsohon kare: yadda ake gane wahalarsa ta kai maƙura

Kare da ya haura shekara 10 ya tsufa, ko da irin na Azawak ne mai juriya. Amma kada a ɗora wa tsufa komai. A ɗaga leɓensa a duba dasashi: in ya yi fari fat, sau da yawa cutar kaska ce, kuma tana da magani.

A Yamai, zafin Afrilu da Mayu ya fi kayar da tsofaffin karnuka. Don haka a lura da karen da asuba, kafin rana ta ɗaga. Yana tashi da kansa? Yana shan ruwa? A ƙirga numfashinsa yana barci. In kullum ya wuce 35 a minti ɗaya, a nemi likitan dabbobi. A riƙa sa alama a kalanda tsawon mako 2, ranar sauƙi da ranar wuya. In ranakun wuya sun rinjaya, yana kwana cikin fitsarinsa, ƙugu ya yi gyambo, magani kuma ya daina kama shi, a ganinmu barinsa haka ba tausayi ba ne.

In an yanke shawarar a kashe shi ba tare da azaba ba don ya huta, likita yakan fara da allurar barci, sannan allurar pentobarbital, wani maganin barci mai ƙarfi, ta jijiya; cikin ƴan mintoci zuciya ta tsaya. Don Allah kada a ba shi maganin ɓera, azaba ce ta sa'o'i ko kwanaki. A binne shi da zurfin mita 1 aƙalla, domin maganin pentobarbital yana kashe ungulu da karnukan da suka ci gawar.