Kumfar da ke huda takardar aluminiyam

A ɗakin gwajin da nake aiki akwai wani ɗan kwanon ƙarfe mai amfani da lantarki, a ciki muke wanke kwalabe masu ƙaramin baki. Irinsa ne masu gyaran waya ke tsoma injin waya idan ta faɗa ruwa. Ɗalibai kan ce girgiza ce ke fitar da dauɗar. Sai in yanko takardar aluminiyam ta naɗe abinci in tsoma musu. Kafin minti guda ta cika da ƙananan huji kamar an bi ta da allura.

Sauti ne ke wannan aiki. Kunnen mutum ba ya jin abin da ya wuce kaɗawa 20,000 a daƙiƙa, kwanon kuwa yana yin wajen 40,000. Sautin ya matse ruwa, ya sake shi, ya kuma matsewa. A lokacin sakin ne 'yar kumfa ke kumbura, matsi na dawowa sai ta rufta, iskar cikinta ta matsu ta yi zafi, da saurin da ba ta samun damar hucewa. Kenneth Suslick na Jami'ar Illinois a Amurka ya auna zafin nan ya kai wajen digiri 5,000, kusa da na fuskar rana. Ruwan kwanon kuwa ɗumi kawai yake yi. Wannan abu har gobe yana ba ni mamaki.

Idan kumfar ta rufta a jikin wani abu, ruwa ke tsirtowa siriri ya doke shi da ƙarfi. Shi ke ɓamɓare dauɗa, shi ke huda takardar, shi ne kuma ke cin farfelar jiragen ruwa, matsalar da ta sa Lord Rayleigh, masanin kimiyya ɗan Birtaniya, ya yi lissafin ruftawar kumfa a 1917.

Zafin yana raba ƙwayar ruwa gida biyu, ɓangarorin su haɗu da sinadaran da ke kusa. Haske ma yana fita: a 1934, a Jami'ar Kolon ta Jamus, Frenzel da Schultes suka ga ɗige-ɗige a faifan hoton da suka tsoma cikin ruwan da sauti ke ratsawa.

Shawarata ga masu gyara: in kun zuba sabon ruwa, ku bar na'urar ta yi 'yan mintoci tana aiki ba komai ciki sai ruwan. Iskar da ta yi yawa a ruwa tana rage ƙarfin ruftawar, sai wankin ya fito rabi da rabi.