Malam ba mafaɗaci ba ne, ciwon damuwa ke cin sa

Akwai abin da nake ta gani a makarantunmu na nan Legas, musamman ƙananan makarantun kuɗi na Agege da Idi-Araba da Mile 12, kuma ba mu cika maganarsa ba. Malamin da ka sani da fara'a sai ka ga ya canja, yaro ya ɗan yi surutu ya daka masa tsawa har ajin ya yi tsit, an fita tara yana zaune shi kaɗai shayinsa ya huce bai kurɓa ba, littattafan yara sun taru a tebur ya kasa yin makin. Mu kuma sai mu ce ai malam ya zama mafaɗaci, wasu ma su ce sammu aka yi masa.

To ya ba zai canja ba fisabilillahi? Mutum ya fito da asuba ya yi kokawar danfo ya sha goslo, ya koyar a boko har azahar, la'asar yana Islamiyya, da dare ga lesin a gidan wani, kuma tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023 kuɗin mota ke lashe albashin. Gwamnatin Legas ta kai mafi ƙarancin albashi naira 85,000 a 2024, amma malaman makarantun kuɗi da yawa ko kusa da haka ba sa gani.

Gajiya daban, ciwon damuwa daban. Gajiya in ka samu hutu tana sakinka. Amma in mutum ya yi sati biyu ko fiye kullum ransa a ɓace, abin da yake so da ya fita masa a rai, barci ya ƙi ko ya yi yawa, abinci ba ya shiga, yana ganin kansa ba shi da wani amfani, wannan kam likita yake buƙata. Addu'a a yi ta sosai, amma a haɗa da asibiti kamar yadda muke yi da hawan jini.

Na san sunan Yaba kaɗai na tsorata mutane, asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya ne kuma da yawa ganin likita kawai suke yi su koma gida ranar. LUTH ma, wato asibitin koyarwa na Jami'ar Legas, a Idi-Araba take, tana da sashen ƙwaƙwalwa, haka LASUTH, asibitin koyarwa na Jami'ar Jihar Legas, a Ikeja. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a Janairun 2023 ta hana nuna wa mai wannan lalura bambanci.

Abokan aiki don Allah ku ja shi gefe ba a gaban yara ba, "Malam lafiya kuwa? kwana biyu na ga ba ka da walwala", sai ku yi shiru ku saurara, kar a yi saurin ce masa ya yi haƙuri kowa ma haka yake. Hedimasta ya rage masa aji ko na sati biyu ne. In kuwa ya fara cewa gara ya mutu ya huta, kar a bar shi shi kaɗai, a kai shi asibiti ranar ko a kira lambar gaggawa 112.