Sunan Kwamitin Makaranta Yana Sauyawa Daga Jiha Zuwa Jiha a Amurka

Takardar farko da makarantar ɗana ta aiko mini a Houston ta jihar Texas ta hana ni barci daren nan. An gayyace ni zaman wani kwamiti da ake kira ARD, kuma da na duba ƙamus sai na ga harafin ƙarshe yana wakiltar wata kalma mai ma'anar sallama ko kora. Yaron yana da shekara huɗu a lokacin, bakinsa bai buɗe sosai ba, kalmomin da yake iya furtawa ba su wuce a ƙirga da yatsu ba. Na kwana ina tunanin korarsa za su yi saboda ya kasa tafiya daidai da sa'o'insa. Sai da na shiga ɗakin taron, na zauna a gaban malamar ajinsa da mai koyar da furuci da wata jami'a, sannan na gane cewa wannan shi ne sunan da jihar Texas ta ba kwamitin da ke shigar da yaro cikin shirin ilimi na musamman, ya riƙa bibiyar ci gabansa, ya kuma sallame shi daga shirin ranar da ya daina buƙatarsa.

Tushen al'amarin guda ɗaya ne a duk faɗin ƙasar. A 1975 Majalisar Dokokin Amurka ta kafa dokar da ta tilasta wa makarantun gwamnati ba yara masu naƙasa ilimi kyauta wanda ya dace da su, a 1990 aka sauya mata suna zuwa IDEA, aka kuma sake yi mata gyara a 2004. Dokar ta lissafa rukunan lalura 13, ta kuma ce kowane yaro da ya cancanta sai an rubuta masa tsarin karatu nasa na kansa, wato IEP, tare da iyayensa a zaune. Amma sha'anin makarantu a Amurka yana hannun jihohi ne, don haka kowace jiha ta ɗauki wannan doka ta ɗinka mata tata rigar. Kwamitin da Texas ke kira ARD, a New York CSE ne, na yara 'yan shekara 3 zuwa 5 kuma CPSE. A Connecticut PPT ake cewa. A Florida sashen gaba ɗaya ESE ne, kuma har da yara masu hazaƙa ta musamman a ƙarƙashinsa.

Mun koma Bronx a birnin New York bayan yaron ya cika shekara shida. Ranar da na kai shi rajista na ce wa matar da ke ofis ina son a shirya mana zaman ARD. Ta dube ni, ta ce ba su da wani abu mai wannan suna, ta miƙo mini fom ɗin rajista na kowa da kowa. Ni kuma na ɗauka ma'anar maganarta ita ce ba su da irin wannan taimako ke nan, na karɓi fom na tafi gida da takardun Texas a cikin jakata ban ko fito da su ba. Makonni suka shuɗe yaro yana zaune a aji babu mai koyar da furuci, yana dawowa gida shiru, abincin ranarsa ma wani lokaci bai taɓa ba. Wani dattijo ɗan asalin Kumasi da muke sallar asuba tare ne ya ji labarin, ya ce mini: "Malam, ai suna ka kuskure. Ka koma ka ce musu ɗanka yana da IEP daga wata jiha, ka ajiye musu takardar a kan tebur." Na koma washegari, kafin azahar an haɗa ni da wanda ya dace.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne haƙƙin yana nan tun ranar farko. Dokar tarayya ta ce idan yaro mai IEP ya ƙaura zuwa wata jiha, sabuwar makarantar za ta ci gaba da ba shi taimako kwatankwacin wanda yake samu, har sai ta yi nata binciken ta rubuta sabon tsari. Dokar ta kuma ce a samar da tafinta ga iyayen da Turanci ba harshensu ba ne a lokacin zaman kwamiti. Ban ɗora wa matar ofishin laifi duka ba, domin mai yiwuwa ba ta taɓa jin kalmar ARD ta Texas ba a rayuwarta. Sai dai ina ganin duk ofishin da ke karɓar sababbin ɗalibai ya kamata ya tambayi uba ko uwa kai tsaye ko yaro yana samun wani taimako a tsohuwar makarantarsa, maimakon a jira su faɗi kalmar da ta dace.

Bambancin bai tsaya ga sunan kwamiti ba, ya shiga har cikin sunan lalurar kanta, kuma a nan ne ya fi nauyi. Dokar tarayya ta ba jihohi zaɓin amfani da rukunin jinkirin girma ga yara 'yan shekara 3 zuwa 9, wasu suka ɗauka gaba ɗaya, wasu suka taƙaita shekarun, wasu ba su ɗauka ga 'yan firamare ba. Iowa kuwa ba ta liƙa wa yaro sunan wata lalura, tana dai rubuta cewa ya cancanci taimako. Saboda haka yaro ɗaya, da hali ɗaya, zai iya ɗaukar suna a wannan jiha ya ajiye shi a waccan. Kalmomin suna kuma sauyawa da zamani: a 2010 Shugaba Obama ya sa hannu a dokar da ta cire tsohuwar kalmar da ake kiran masu raunin fahimta da ita daga dokokin tarayya na ilimi da lafiya da ƙwadago, domin ta riga ta zama zagi a bakin mutane. Wannan ya tuna mini yadda mu ma muka fara barin wasu kalmomi muna cewa masu buƙata ta musamman, kuma na san zafin da uba ke ji idan aka kira ɗansa da sunan da bai kamata ba.

A watan jiya wata maƙwabciyarmu ta zo yi wa maiɗakina sallama, za su koma Hartford a jihar Connecticut da 'yarta mai matsalar ji. Na ɗauko takarda na rubuta mata PPT da manyan haruffa, a ƙasa na rubuta IEP, na ce: "Hajiya, ki riƙe kwafin takardun yarinyar a hannunki, kada ki saka su cikin kayan da mota za ta ɗauka, kuma ki nemi tafinta tun ranar rajista."