Motar igiyar da ta tsallaka kogin Misisipi

Jiya na shiga jirgin fito daga bakin titin Canal a birnin New Orleans na Amurka zuwa unguwar Algiers da ke tsallaken kogin. Wani dattijo da muka zauna tare ya nuna min sama, ya ce da ta can suke tsallakawa.

Ashe a 1984, lokacin baje kolin duniya da birnin ya karɓi baƙuncinsa, an kafa dogayen hasumiyoyi biyu na ƙarfe, ɗaya a kowace gaɓa, tsayin kowace ya haura mita 100 don manyan jiragen ruwa su wuce ta ƙasa. Aka ja igiyar ƙarfe, ƙananan ɗakuna na rataye suna ɗaukar mutane, cikin 'yan mintuna an tsallake. MART ake ce wa wannan motar igiya.

Masu ita sun sa rai ma'aikata za su riƙa binta kullum. Ina! Baje koli na watsewa fasinja ya yi ƙaranci, ga gada, ga fito. A 1985 aka rufe ta, bashin banki ya rage a wuya.

Abin da ya fi ba ni haushi, hasumiyoyin sun yi shekaru a tsaye ba amfani, sai 1994 aka rushe su. Dattijon dai ya ce tsoro bai bar shi ya leƙa ƙasa ba ko sau ɗaya.