Alhamis: kobon da ke ɓata a lissafin riɗi

Yau kasuwar Maigatari, su Baba sun fita da awaki tun da asuba. Ni kuwa bayan koko na kai laftof shagon cajin sola na bakin titi, don mun kwana biyu ba mu ga ƙyallin wuta ba. Can na zauna a benci har azahar.

Aikin Alhaji mai riɗi ne ya riƙe ni. Wani abokina ya fara rubuta masa manhajar lissafi da JavaScript, wani yaren rubuta manhaja, sai ya samu aiki a Legas ya miƙo mini. Ba wani abu mai wahala take yi ba: sunan manomi, kilo nawa ya kawo, farashi, abin da aka ba shi da abin da ya rage. Amma duk ƙarshen wata jimillarta sai ta saɓa da littafin magatakarda, wani lokacin ma rasit ya fito da wutsiyar lambobi mai tsawo. Jiya Alhaji ya kira ni yana dariya, wai "Malam Fiziks, ashe kwamfutar taka ma ta iya cin kwabo?" Na ce, "Ranka ya daɗe, a ba ni zuwa gobe."

Sai na yi abin da aka hore mu da shi a ɗakin gwaje-gwaje: kada ka taɓa abu biyu lokaci ɗaya. Na ɗauki manomi ɗaya, lissafi daidai. Na ƙara ashirin, ga kobo ya zame. Na mayar da kilo duka cikakkun lambobi, matsalar ta ɓace. To nan ɓarawon yake. Kwamfuta da sifili da ɗaya take ƙirga, kuma a wannan tsarin 0.1 ba ya ƙarewa, kamar yadda 1 raba 3 ke ba mu 0.333 har abada. Shi ya sa idan ka tambayi JavaScript 0.1 a tara da 0.2, amsarta 0.30000000000000004. Abokin nawa kuma yana datse wutsiyar a kowane layi, sai guntayen su taru. Maganin da masu manhajar kuɗi suka daɗe da sani shi ne a ajiye komai a kobo, cikakkiyar lamba, sai wajen nunawa a raba da 100. Kilo ma na mayar da shi giram. Na gwada da lissafin watan jiya, ya yi daidai da littafi cif.

Ina jin daɗin irin wannan ranar, don mutane na yawan ce mini na yi asarar karatun digirina na Fiziks. Malamin da ke ƙin karɓar rahotonmu idan mun rubuta sakamakon awo, kamar 9.8, ba tare da faɗin iyakar kuskuren awo ba, shi ya gyara manhajar Alhaji yau, bai sani ba. Amma kada in cika baki. Fiziks bai koya mini Git mai adana tarihin sauye-sauyen kodi ba, bai koya mini SQL na sarrafa rumbun bayanai ba, balle karanta kodin ɗin da wani ya rubuta yana sauri. Waɗannan a shafin intanet na freeCodeCamp da darasin kwamfuta na CS50 na Jami'ar Harvard na tsinto su, kyauta, in ban da kuɗin data, wanda tun ƙarin kashi 50 cikin ɗari da aka amince da shi a 2025 ya zama abin lissafi shi ma.

Da la'asar ɗan Gwaggo ya zo, yana karanta Kemistiri a Jami'ar Tarayya ta Dutse. Wai, "Yaya, in bar kwas ɗin nan in koma kwamfuta?" Na ce masa a'a, ya gama abinsa, ya riƙa ware awa ɗaya kullum yana koyon yaren manhaja na Python. Ya kuma sa ido kan shirin 3MTT na horar da mutane fasahar kwamfuta, wanda ma'aikatar sadarwa ta tarayya ta buɗe a 2023 ƙarƙashin Minista Bosun Tijani. Amma na gaya masa takardar shaida kaɗai ba za ta kai shi ko'ina ba. Masu ɗaukar aiki shafinka na GitHub, inda masu manhaja ke ajiye kodinsu, suke buɗewa su ga me ka gina da hannunka. Ya duba ɗakin gwajinsu, in akwai lissafin da suke maimaitawa da kalkuleta, ya fara da shi.

Bayan isha'i Kawu ya sake tayar da zancen aikin koyarwa na gwamnati, wai mai fansho. Na ce, "To Kawu, Allah Ya zaɓa mafi alheri." Ba na raina maganarsa, don wannan sana'ar wata a samu, wata a yi ta jiran waya. Baba dai bai ce uffan ba, sai tambayar ko Alhaji ya biya.

Bai biya ba tukuna. Sai ƙarfe sha biyu sabis ke yin ƙarfi a ɗakina, lokacin zan tura gyaran. Gobe bayan Juma'a in je rumbun Alhaji in zauna da magatakarda, domin shi ke shigar da lambobin, kuma har yanzu ya fi yarda da bironsa.